Fetur mai lamba 87 ko mai 93: abin da na gani a akori-kurata mai turbo

Motata Ford F-150 ce mai injin EcoBoost, lita 3.5, silinda shida, turbo biyu. Galibin kwanaki a wofi take yawo, daga ni sai 'yan kayan aiki a baya. Sauran kwanakin kuma tirela mai nauyi take ja, wani lokaci cikin tsananin zafi, a hanya mai hawa. Na daɗe ina sha mata mai iri biyu, na gama-gari mai lamba 87 da mai tsada mai lamba 91 ko 93, har na kai ga ra'ayin da zan iya tsayawa a kansa: aikin da motar za ta yi da wannan tankin shi ne ke yanke hukuncin man da zan zuba.

Lambobin nan na oktan ne, yadda ake rubuta su a famfunan gidajen mai na Amurka da Kanada. A Turai da wasu ƙasashe da dama wani ma'aunin ake bi, mai suna RON, wanda lambarsa ta fi girma: 87 ɗin Amurka kusan 91 ko 92 ne a can, 93 kuma kusan 98. Mutane da yawa suna ɗauka babbar lamba na nufin mai ya fi ƙarfi. A'a, ƙarfin da ke cikin lita ɗaya kusan ɗaya ne. Abin da lambar ke aunawa shi ne juriyar mai, wato irin matsi da zafin da zai iya ɗauka a cikin silinda ba tare da ya kama da kansa ba. Ka'ida ita ce fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi ta cinye man a tsanake tana tura fistin ƙasa. In wani sashe na man ya riga ya fashe kafin wutar ta iso shi, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙwanƙwasar in ta yi yawa tana cin fistin.

A nan ne turbo ya shigo maganar. Aikinsa cusa iska a silinda fiye da wadda inji zai zuƙa da kansa, kuma iskar da aka matse zafi take ɗauka. Matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru, ƙwanƙwasa ta matso kusa. Sai dai injin zamani yana da na'urar da ke sauraron wannan ƙarar tun kafin kunnen mutum ya ji ta. Da ta ji, kwamfutar inji sai ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, in ta kama ma ta rage matsin turbo. Inji ya tsira, amma an rage masa ƙarfi, kuma hayaƙin da ke fita ya ƙara zafi. Shi ya sa littafin motata ya ce 87 ya wadatar, sannan ya ƙara da cewa 91 ko sama da haka ya fi ba da cikakken aiki, musamman a lokacin zafi da kuma in ana jan kaya. Da farko na ɗauka maganar ta ci karo da kanta. Da na zauna da motar sai na ga duka biyun gaskiya ne.

A wofi, cikin gari ko a shimfiɗaɗɗen titi, ban ji wani bambanci ba. Tashi ɗaya, gudu ɗaya, nisan da tanki ke kai ni kusan ɗaya. Dalili a fili yake: a irin wannan tuƙin da ƙyar turbo ke aiki, inji bai ko kusanci iyakarsa ba, don haka juriyar da na biya kuɗinta tana ƙonewa ne a banza.

Da tirela labari ya sha bamban, kuma wannan ne ya sa na zauna rubuta sharhin. Da mai lamba 87 a tanki, rana ta take, ga doguwar hawa, motar tana hawa, ban taɓa tsayawa a hanya ba. Amma ƙafata tana gaya mini abin da ke faruwa. Sai na ƙara taka totur don in riƙe gudun da nake, giya ta yi ta sauka tana hawa, injin yana ihu alhali jan bai kai ihun ba. Da 93 a irin wannan hawan da irin wannan nauyin, motar takan riƙe giya ɗaya ta daɗe a kanta, in na taka ta amsa nan take, wucewa gaban babbar mota kuma ba ya sa ni dogon lissafi. Wanda bai taɓa jan nauyi ba zai ga abin ƙarami ne. Wanda ya san yadda zuciya ke tashi idan ka fito wuce wata mota da kaya a bayanka, ka taka ba ka sami abin da kake jira ba, ya san darajarsa. Ni dai wannan natsuwar nake saya, kuma ban ga tsadarta ba.

Abin da ba zan yi alkawari ba shi ne mai tsada zai mayar da kuɗinsa ta hanyar rage shan mai. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka ba su shawarar shan mai tsada ba tare da an wajabta ba, a 2017, ta sami matsakaicin ragin shan mai na kashi 2.7 cikin ɗari da ƙarin ƙarfi na kashi 1.4. Tazarar farashi tsakanin man biyu ta ninka wannan sau da yawa. Abin da na gani ya yi daidai da haka: ɗan ragi in ina ja, wanda bai isa ya cike giɓin ba.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai a riƙa zuba mai tsada jefi-jefi don ya wanke inji. Oktan ba ya wanki. Sinadaran wanke-wanke da ake zubawa a mai su ke wannan aikin, kuma gidajen man da ke bin ma'aunin Top Tier, wanda wasu kamfanonin motoci suka kafa a 2004, wajibi ne su sa su a kowane irin fetur da suke sayarwa, har da mai lamba 87. Saboda haka na fi kula da inda nake shan mai fiye da maɓallin da nake dannawa a famfo. Baƙin mai ma yana da hannu a lafiyar irin wannan injin. Injuna masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna fuskantar wata muguwar kamawar wuta kafin lokaci idan an taka su da ƙarfi alhali juyin inji na ƙasa, kuma don rage ta aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Ba na wasa da wannan.

Gargaɗi biyu, kuma da gaske nake. In littafin motarka cewa ya yi dole sai 91, to babu zaɓi, duk abin da na faɗa bai shafe ka ba. A duba da kyau ko shawara aka bayar ko wajabtawa aka yi. Sannan a wasu jihohin Amurka masu tsaunuka ana sayar da mai lamba 85 a matsayin na gama-gari. Kada a zuba shi a injin turbo. Hujjar 85 ita ce iska ba ta da kauri a kan tudu, shi kuwa turbo yana cike wannan raunin, matsin ya dawo.

Yadda nake yi yanzu: in na san jan kaya na tafe, sai in bar tanki ya yi ƙasa sosai kafin in cika da 93. Tankina galan 36 ne, in na zuba mai tsada a kan rabin tankin 87, abin da zan samu tsaka-tsaki ne, kusan 90. Gauraya su ba ta cutar da komai, sai dai ba a samun cikakken amfanin. In na sauke tirela, cikon da ke biye 87 ne, haka kuma nake ci gaba har sai wani nauyin ya taso.