Sharhi: sarƙar da na saya da zaman koyon haɗa duwatsu a gidana

Wata huɗu ke nan da na karɓi saitin sarƙa da 'yan kunne da abin hannu daga wajen wata mata mai haɗa duwatsun ado a nan Kano, wata biyu kuma da ta zo har gidana ta koya mana aikin, mu tara. Da gangan na jinkirta wannan sharhi. Kayan ado ba ranar saye ake gane ingancinsa ba, sai ya sha zufa, ya sha turare, ya kwana a jaka.

A sitatus ɗin WhatsApp na matar ƙanena na fara ganin aikinta. Lokacin muna shirin bikin 'yar yayata, an fitar da anko, leshi ruwan zuma, ga shi duk sarƙar da na gani a kasuwar Sabon Gari irin ta kwali ce, wadda za ki shiga gidan biki ki tarar da ita a wuyan mata biyar. Na tura mata hoton leshin. Kafin ta yi maganar kuɗi sai da ta tambaye ni irin wuyan da tela ya yi wa rigar, da ko ɗauri zan yi ko mayafi zan yafa, da ko ƙarfe yana sa ni ƙaiƙayi. Sannan ta ce in zagaya zare a wuyana zuwa inda nake so sarƙar ta tsaya, in auna in gaya mata. Inci 18 ya kama. Muka daidaita a kan N18,000, ta ce kwana biyar, ta kawo a na shida.

Aikin hannunta ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ƙananan duwatsun na gilashi ne, kansu ɗaya, ta ce 'yan ƙasar Cek ne, a tsakaninsu kuma ta jera manya guda bakwai na Bida. Wanda ya san aikin Masaga na Bida ya san kwalabe suke narkawa su fitar da dutse da ƙarau da hannu, shi ya sa ba za ki samu biyu masu kama sak ba: wani ya ɗan fi wani ƙiba, wani da ɗan kumfa a cikinsa. Wannan bambancin ne ya ba sarƙar rai. Ni dai na ji daɗi da na ga kayan ƙasarmu a wuyana, na Bida, garin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2021. Na juya sarƙar ciki da baya ina neman ƙulli ban gani ba, sai daga baya na ga yadda take mayar da bakin zaren ta cikin duwatsu uku ko huɗu ta ɓoye shi. Yau wata huɗu, na sa ta ya fi sau goma, ba ta saki ba, launin bai kwaile ba.

Inda ta ba ni haushi shi ne maƙalin baya. Sati uku da biki ya yi baƙi, ya bar mini shaida da ƙuraje a ƙeya. Abin da ya fi damuna, ita ce da bakinta ta tambaye ni ko ƙarfe yana sa ni ƙaiƙayi, na ce mata e. Irin waɗannan maƙalai masu araha ruwan gwal ake shafa musu a sama, da zufa ta cinye shi sai ƙarfen ciki ya taɓa fata, shi ne ke kawo ƙaiƙayin. Da na kira ta ba ta yi musu ba, ta ba ni haƙuri, ta canza mini da wanda ba ya tsatsa, amma ta karɓi N1,000. A ganina bai kamata ta karɓa ba. Da tun farko ta ce mai kyau ya fi tsada, da na biya ba tare da ciniki ba, tunda kowa ya san araha ba ta ado. Duk wadda za ta ba da aiki, ta tsaya a kan maganar maƙali da ƙugiyar 'yan kunne tun kafin a fara.

Ranar da ta kawo gyaran ne ta gaya mini tana zuwa gidaje ta koyar. Tsarin mai sauƙi ne: matar gida ta tara mata takwas zuwa goma, kowa ta ba da N5,000, a ciki har da kayan da za ta haɗa abin hannu ɗaya da 'yan kunne ta tafi da su. Matar gida ba ta biya, nata shi ne wuri da abin taɓawa. Na kira maƙwabtana uku, ƙawayena biyu na Islamiyya, matar ƙanena, babbar 'yata, sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta ce ita kallo kawai za ta yi. Na dafa zobo, na soya cincin, muka sa Asabar bayan Azahar.

Ta zo da akwatunan roba masu gida-gida, kowane gida da launinsa, da filaya, da almakashi, da zare iri uku: zaren kamun kifi, da na roba mai miƙewa, da wata siririyar waya mai rufi wadda ta ce ita ce ta duwatsu masu nauyi. Abu na farko da ta sa muka yi shi ne shimfiɗa tawul a kan faranti, don dutse ba ya gangarawa a kan tawul. Muna farawa aka ɗauke wuta, ta ce dama ɗaki bai dace ba, muka kwashe tabarmi zuwa tsakar gida. Gaskiyarta, ramin ƙaramin dutse sai da hasken rana. A nan na san lambar da ake rubutawa a jikin leda, 6 ko 8 ko 11, duk yadda lamba ta ƙaru haka dutsen ke ƙanƙancewa. Ta fara mana da mai lamba 6. Ta iya koyarwa, ba ta karɓe aiki daga hannun mutum ta ƙarasa masa. Maƙwabciyata ta ƙulla zaren roba sau uku yana warwarewa, ita kuwa ta zauna gefenta tana cewa, "Anti, ki ja shi tukuna ya miƙe kafin ki zira, sannan ki zagaya sau biyu ki ɗaure." A na huɗu ya zauna.

Amma abin da ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba, wajen La'asar ya faru. Goggo ta kwance bakin zaninta ta fito da wani tsohon gwangwani, a ciki akwai tsakiya da murjani na kayan aurenta, zaren ya ruɓe tun tuni, sun zube. Ta ce daga kasuwar Kurmi aka sayo su, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Malamar ta goge hannunta kafin ta taɓa. Ta ɗora guda a kumatun 'yata ta ce ta ji sanyin, dutse da gilashi sanyi gare su da nauyi, roba kuwa ɗumi da sakayau. Matar ƙanena ta ce ta ji ana ɗiga lemon tsami a gane murjani, sai ta ce haka ne yana kumfa, amma yana cinye ƙyallin, ita ba za ta yi wa na Goggo haka ba, kuma akwai farin da ake rinawa ja wanda shi ma zai yi kumfar. Ta ɗauko auduga da ruwan goge farce ta shafa a gefen guda, audugar ta fito fara tas, alamar ba rini ba ne. Ɗaya daga cikin ƙawayena ta ciro nata da ta saya da sunan murjani, aka shafa, audugar ta yi ja. Wurin ya yi tsit. Malamar ba ta bari kunya ta kama ta ba, ta ce, "Hajiya, yana da kyau a haka, ki ci gaba da sawa, sai dai kar a sake karɓar miki kuɗin murjani a kansa." Daga nan ta zauna ta zira wa Goggo nata a sabon zare, tana yin ƙulli tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa, don ko zare ya tsinke guda ɗaya ne zai faɗi. Ba ta karɓi ko sisi ba. Goggo ta riƙa juya shi a hannu tana sa mata albarka, tana kiran sunayen matan da suka yi mata rakiya, yawancinsu sun rasu.

Zaman yana da nasa gyare-gyaren. Ta makara da fiye da awa ɗaya, don haka 'yan kunne a gurguje muka yi su ana kiran Magariba, mutum biyu ma ba su gama ba. Filaya uku ta kawo wa mutum tara, rabin lokacin jira ne. Sannan ba ta gargaɗe mu kan yara ba. Yaron maƙwabciyata mai rarrafe ya tsinci dutse ya kai baki, Allah ya kiyaye uwar ta gani ta ciro. Kwana uku ina shara ina tsintar duwatsu a tsakar gida. Wannan magana ce da ya kamata ta faɗa tun ranar da aka sa rana: a bar ƙananan yara a gida, ko a samu mai riƙe su a wani ɗaki.

Akwai kuma maganar da ta yi a ƙarshe, da ta buɗe kayan sayarwa, cewa wadda ta sayi kayan farawa za ta mayar da jarinta cikin wata guda. Ban yarda da wannan ba, kuma na gwada. Na saya wa 'yata, ta dage, ta haɗa abin hannu goma sha biyu, a wata biyu biyar ta sayar, duk ga 'yan'uwa. Guda ɗaya yana cin ta fiye da awa, mai saye kuma yana kwatanta shi da na Sin da ake zubawa a tire. Ita malamar da yawa take saro duwatsu, mu kuwa 'yar leda muke saye, ribar tun a nan ta rabu. Ita ma abin da ke riƙe da ita, yadda na lura, ba sarƙar da ta haɗa ta ajiye ba ce. Aikin anko ne, da jigidar amare, da gyaran tsofaffin duwatsu, da wannan zaman na gidaje, inda take samun kuɗin koyarwa, ta sayar da kaya, ta kuma tafi da lambar wayar mata tara. Shekaru ta yi kafin ta kai nan, kuma zai fi kyau ta riƙa gaya wa masu koyo haka, musamman matan da za su ciro kuɗin adashinsu su zuba.

Mun sake sa rana da ita bayan Sallah, wannan karon da hantsi, mutum shida kawai, kowa da filayarta, jigida da carbi za mu koya. Goggo ta ce a sa da ita, kuma ba kallo za ta yi ba. Murjaninta ta sa ranar sunan jikarta makon jiya.