Majigin leda ko na kwamfuta: wanne zai yi aiki a ajin Sakkwato?

Malama, ga amsar tambayarki. Kin ce kun tarar da tsofaffin majigi biyu a sito na makarantarku da ke Mabera, irin masu gilashi a sama da dogon wuya mai madubi, waɗanda ake ɗora wa leda mai rubutu. Mai makaranta kuma ya ba ku zaɓi: ko a tayar da su, ko a lallaɓa a sayo na kwamfuta guda ɗaya. A ganina ku tayar da waɗanda ke hannu in har za a samu ƙwan fitilarsu, amma ko kyauta aka ba ku na uku irinsu, ku yi tunani kafin ku karɓa. Ga dalilaina.

Tsohon majigi ba shi da wani sirri. Akwati ne da fitila a ciki, da fanka mai sanyaya ta, da faffaɗan gilashi mai tattara haske ya tura shi sama, madubi ya karkato shi zuwa bango. Iyakarsa ke nan. Duk mai gyaran rediyo zai buɗe shi ya gane inda matsala take. Na kwamfuta kuwa in ya ƙi kamawa, sai an nemi wanda ya san kansa, wani lokacin ma a ce sai an aika Kano ko Legas a nemo kayan gyara.

Wannan sauƙin yana da muhimmanci a garinmu saboda ƙura da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ba ta barin ko cikin aljihu. Tsohon majigi tsumma mai laushi ya ishe shi: a goge gilashi, a goge madubi, a rufe da zane in an tashi. Na kwamfuta numfashi yake yi ta 'yar matata, kuma in ta toshe sai ya ɗau zafi ya kashe kansa ana tsakiyar darasi. Ki duba takardar da ke zuwa da yawancinsu, za ki ga an rubuta kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35 ko 40. To a Afrilu da Mayu Sakkwato tana haura 40 ba tare da ta nemi izinin kowa ba, balle a aji mai rufin kwano da yara hamsin.

Inda tsohon ya faɗi warwas shi ne ƙwan fitila. Wanda aka fi samu a cikinsu mai wat 250 ne, kuma masu yin sa sun ce awa 50 ko kusa da haka yake yi. Ki lissafa: awa biyar a mako, zango ɗaya ya cinye ƙwai ɗaya. Fitilar na kwamfuta tana yin dubban awoyi, masu LED ma sun fi haka nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, kamfanin 3M na Amurka, wanda ya cika makarantun duniya da wannan na'ura tun shekarun 1960, ya daina ƙera ta a 2015. Ƙwan bai ɓace daga kasuwa ba, amma ba abin da za ki aiki yaro kanti ya sayo ba ne. Shi ya sa na ce komai ya rataya a kansa. In an samu, kada a taɓa shi da yatsa tsirara, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Kada kuma a ɗaga majigin yana da zafi.

Batun wutar lantarki, duk kanwar ja ce. Kowannensu na jan wat ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku, na kwamfuta kuma ga laftof da shi ma yake jiran caji. In aka ɗauke wuta duka biyun sun zama kayan ado, sai dai ledar tana nan a hannunki, kina iya kwafe ta a allo, ko ki ɗora ta a farar takarda ta zaga aji. Ɗaukewar wuta ba zato ta fi cutar da na kwamfuta mai fitila, domin fankarsa kan tsaya alhali cikinsa na tafasa. Kowanne kuka zaɓa, ku sa sitabilaiza a lissafi.

Yanzu ga inda ni nake ganin har gobe ba a kamo tsohon ba: koyarwar kanta. Malami yana rubutu yana fuskantar ɗalibai. Wadda ta taɓa juya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare baya na minti ɗaya ta san darajar wannan.

Ɗauki darasin tarihin jihadi. Ledar farko taswira ce kawai: kogin Rima, ƙasar Gobir, Alƙalawa. Ki manna wasu ledoji uku a gefenta da salatif, su zama kamar shafukan littafi. Ki kifa ta biyu, jan layi ya fito daga Degel zuwa Gudu, hijirar Shehu ta 1804. Ki tsaya nan, ki tambayi aji me ya sa aka nufi yamma. Ki kifa ta uku, kibiyoyi su kewaye Alƙalawa, 1808. Ta huɗu ta sa ɗigo ɗaya inda Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. In wani yaro ya ɓace a hanya, ki ɗage biyu ki koma baya, ki ba shi alƙalamin maka ya zo ya zana da hannunsa. Ana iya shirya irin wannan a kwamfuta, har ya fi kyau a ido, amma ana shirya shi ne tun daga gida, kuma tambayar da yaro zai jefo ba ta cikin shirin.

Malamin Larabci ma zai ji daɗinsa. Yara na ganin inuwar alƙalami tana tafiya daga dama zuwa hagu, suna ganin yadda ake haɗa harafi da harafi, inda aka fara da inda aka ɗaga hannu. A darasin kimiyya kuwa ba a ma bukatar rubutu: ki ɗora maganaɗisu a kan gilashin, ki shimfiɗa leda a kansa, ki barbaɗa garin ƙarfe, ki ɗan ƙwanƙwasa. Layukan za su jeru a bango, na bayan aji ya gani kamar na gaba.

Na kwamfuta fa? Hoto mai motsi, launi na gaske, bugun zuciya, aman dutse, ɗawafi a Ka'aba, abin da leda ba za ta taɓa nunawa ba. Darasi ɗaya a filashi ya zaga malamai goma. Kuma nan duniya ta nufa. Ɗalibanki da za su shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari shi za su tarar. Ba na musun wannan. Abin da nake tsoro shi ne na'ura ɗaya ga makaranta guda: ta ƙare a kulle a ofishin shugaba, ana fito da ita ranar taron iyaye. Ki kuma yi hattara da 'yan ƙananan nan masu araha da ake tallatawa a waya. Da dare a ɗaki suna da kyau, da rana a aji sai an rufe tagogi ruf, kuma wanda zai rufe wa yara taga a watan Afrilu bai nufe su da alheri ba. Tsohon majigi an yi shi ne don ɗaki mai haske, labule ɗaya a tagar da ke kusa da bango ya wadatar.

Ledar ita ma tana da nata ƙa'idoji. Iri uku ce: ta rubutun hannu, ta injin fotokwafi, da ta firinta mai tawada, wadda fuskarta ɗaya ke da kaushi. Kada ki kai ta rubutun hannu shagon fotokwafi. Cikin injin zafi ne da ya kusa digiri 200, za ta narke ta manne, ku rabu da mai shago ba daɗi. Maka ma biyu ce. Mai gogewa da ruwa ta fi arha a aiki tunda leda ɗaya za ta yi ta zagayawa, sai dai gumin hannu na share ta, don haka ki sa 'yar takarda ƙarƙashin tafinki. Taswira da duk abin da za ki adana, ki yi da maka mai zama, in kin yi kuskure sifirit na goge ta. Ki riƙa sa farar takarda tsakanin leda da leda, domin da hunturu suna janyo ƙura suna mannewa. Girman rubutu kuwa, ki ajiye ledar a ƙasa ki miƙe tsaye: in ba ki iya karanta ta ba, na bayan aji ma ba zai iya ba. Layi shida ko bakwai sun isa.

Kafin ku ba mai makaranta amsa, ku fito da su biyun ku kunna. Ku saurari fanka. In ba ta juyawa ku kashe nan take, in ba haka ba gilashin da ke ƙarƙashi, wanda a gaskiya roba ce, zai lanƙwashe. Ku duba ko madubin bai dushe ba. Wasu na da mazaunin ƙwai biyu da ɗan maɓalli na sauyawa, mai yiwuwa ma akwai lafiyayye a ciki. Sannan ki kwafi lambar da ke jikin ƙwan, ki tura wa masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje da na asibiti, domin wasu na'urorinsu na amfani da irinsa. In sun ce akwai, ku sayi huɗu a tashi ɗaya, kuɗin da ya rage a fara tara na batir da inbata.