Hattara da mai wayarin da zai ce maka "bar min komai"

Jama'a, musamman masu gini da masu shirin tarewa a sabon gida, akwai wata cuta da ta yi yawa a aikin wayarin, kuma ba a gane ta sai an yi filasta an yi fenti, mai aikin ya karɓi cikon kuɗinsa ya yi gaba. Don Allah wanda ya karanta ya isar wa na kusa da shi.

Ga yadda take tafiya. An gama rufi, kana neman wanda zai ja maka wuta, ka tambayi mutum biyu sun yanka maka kuɗi. Sai wani ya ɓullo da jakar kayan aiki da tasta a aljihun gaba, ya karya farashin har ka ji kamar taimakonka zai yi. Daga nan sai ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da kanka da shiga kasuwa, ka bar min komai, ina da mutumina da yake ba ni a farashin sari." To, a wannan maganar cutar take. Abin da ya rage maka a kuɗin aiki, a kan kaya zai fanshe shi ninki biyu, kuma kayan cikin bango za su shige inda idonka ba zai sake ganinsu ba.

Babban abin da suke cuta da shi waya ce. Wayar kirki jan ƙarfe ce zalla. Amma kasuwa ta cika da wadda cikinta alminiyom ne, an yi masa shafen jan ƙarfe a sama, an naɗe ta a leda mai kyau, wani lokaci har da sunan sanannen kamfani irin su Cutix ko Coleman da aka kwaikwaya. Alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, don haka idan aka ɗora masa kaya sai ya yi zafi, robar ta yi laushi, wurin da aka ɗaure da kusa ya saki. Gwajin ba wuya. Ka feɗe bakin wayar, ka kankare ta da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, jabu ce. Ko ka kunna mata ashana: silin jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya yadda yake, na alminiyom kuwa zai lanƙwashe ya marmashe. Ko a hannu ka ɗaga naɗin za ka ji ba ta da nauyi, domin nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na jan ƙarfe.

Ko wayar ta kirki ce, akwai satar kauri. A ƙa'ida, mai murabba'in milimita 1.5 ta fitilu da fanka ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma su samu 4 ko fiye, kowanne da layinsa. Macucin sai ya rubuta maka 2.5 a lissafi, ya zura 1.5 a bututu ya haɗa gidan gaba ɗaya. Kuma don kada bireka ta riƙa faɗuwa asirinsa ya tonu, sai ya sa ƙatuwa wadda ta fi ƙarfin wayar nesa ba kusa ba. Wannan ne ya fi tayar min da hankali. Aikin bireka shi ne ta katse wuta kafin waya ta kama. Idan ta yi girma, wayar za ta narke a cikin silin ita tana nan ba ta motsa ba, maigida kuma yana yabon mai aikin wai wutarsa ba ta taɓa faɗuwa.

Na ga irin wannan a gidan wata 'yar uwata da ta tare da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Soket ɗin da take jona dutsen guga ya yi baƙi a gefe, ɗakin kullum yana warin ƙonanniyar roba. Da muka kira wani dattijo mai aikin ya kwance murfin, robar wayar ta manne da juna, ya taɓa ta da sukundireba sai ta zube gari. Ya duba ramin sama na soket ɗin, babu wayar at ko ɗaya, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, an dai binne guntun rodi a bayan gida an ɗaura masa waya taƙi biyu don a gani. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, Allah ne ya tsare ki da yaran nan." Sai da aka fasa bango aka sake aikin, kuɗin ya fi na farko. Wanda ya yi mata aikin kuwa lambarsa ta daina shiga tun ranar da ya karɓi ciko.

Akwai kuma masu zuwa da hular kwano da riga mai ƙyalli su ce su ma'aikatan Nepa ne, za su zagaye maka mita ka daina sayen kati da yawa. Kada ka yarda ko kusa. Taɓa mita laifi ne a Dokar Wutar Lantarki ta 2023, kuma ranar da kamfanin rarraba wuta ya gano, ko KEDCO ne a Kano, Katsina da Jigawa, ko na Kaduna, kai maigida za a yanke wa wuta a ci tara, ba wanda ya yi aikin ba. Haka mai haɗa maka janareta kai tsaye ba tare da canji-oba ba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta Nepa, wai don ya rage maka kashe kuɗi. Wutar janaretarka za ta iya komawa kan layi ta kashe bawan Allah da ke kan falwaya yana gyara, alhakin rai a wuyanka.

Ban ce duk masu wayarin haka suke ba. Akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma su ma wannan ɓarnar tana hana su aiki, tunda ba za su iya sauka farashin macuci ba. Araha dai ba ta ado. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Ya rubuta maka abin da ake buƙata da kaurin kowace waya, ku tafi kasuwa tare, ka biya da hannunka, ka karɓi rasit mai sunan shago, ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin kayan. Idan babban aiki ne, ka tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa tantance masu aikin wuta. Ka je ka ga gidan da ya taɓa yi, ka yi magana da mai gidan. Kada a yi filasta sai wani masani daban ya duba, kada kuma ka biya ciko sai an kunna komai a gabanka.

Wanda kuma ya riga ya tare, ya lura da gidansa a daren nan. Idan soket yana zafi ko ya canza launi, ko fitilu suna dusashewa da an jona hita, ko firiji da famfon banɗaki suna jan mutum, a kashe babban makunni, a hana yara taɓa wurin, a nemo wani mai aikin, ba wanda ya yi na farko ba.