Ɗinki ko kanikanci?

Yaron da ba ya son zaman gaban kwamfuta, galibi shagon tela ko gareji ake kai shi. Tela jarinsa kaɗan ne: keken ɗinki, almakashi da dutsen guga. Amma kasuwarsa ta lokaci ce. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin Sallah ba ya runtsawa, masu kaya na ta masifa kan saɓa alkawari, bayan Sallah kuwa sai jiran masu biki.

Bakanike zai yi shekaru yana miƙa wa maigidansa sifana kafin a yaye shi, ga baƙin mai har cikin farce. Sai dai mota ba ruwanta da Sallah, ko yaushe tana iya lalacewa, balle da damina. Yaro mai haƙuri, ni gareji zan tura shi.