Latitud da longitud a cikin manhaja: wace hanya za ka ɗauka?

Kano tana wajen digiri 12.0 arewa, 8.5 gabas. Ka juya lambobin nan biyu, sai ka tsinci kanka a 8.5 arewa, 12.0 gabas, wato kusa da Ganye a jihar Adamawa. Babu kuskuren da kwamfuta za ta nuna maka, domin lambobin halastattu ne, kuma wurin yana cikin Najeriya. Haka ta faru da ni a wani aikin taswirar rijiyoyin burtsatse, sai bayan kwana uku muka gano. Da wannan ma'auni nake duba kowace hanyar ajiye latitud da longitud a manhaja.

Jeri mai lambobi biyu, kamar (12.0, 8.5), shi ne mafi sauƙi, kuma shi ya jawo mini waccan asara. Ajiye su a matsayin rubutu bai cancanci a tsaya a kansa ba. Point na Shapely ko Coordinate na JTS, wato shiryayyun kayan aiki na Python da Java, suna da kyau in lissafin siffofi za ka yi, amma x da y suka sani, ba latitud da longitud ba.

Zaɓina shi ne ka gina ajinka na kanka (class, wato nau'in bayani da kai ka tsara), ƙarami, wanda ba a iya canza shi bayan an ƙirƙira. A Python, dataclass da frozen=True da kw_only=True, na ƙarshen ya zo ne da sigar 3.10 a 2021, yana tilasta wa kowa ya rubuta sunan latitud da longitud kafin ya sa lamba. A Java akwai record tun siga ta 16, sai dai gara ka ba kowanne nau'insa daban don kada a musanya. Ajin ya ƙi duk latitud da ya wuce -90 zuwa 90, da longitud da ya wuce -180 zuwa 180. A Java, yi amfani da nau'in lamba na double, domin float lambobi wajen bakwai kaɗai yake riƙewa. Sannan ka ware hanya guda ta fitarwa zuwa GeoJSON, tsarin rubuta bayanan taswira, wanda ƙa'idarsa ta RFC 7946 ta 2016 ta sa longitud a gaba, alhali Google Maps da Leaflet (kayan aikin nuna taswira a intanet) latitud suke fara sawa. Juyin ya zauna a wuri ɗaya tak.

Yanzu ga jabun kaya, kuma sun cika intanet. Za ka ga aji mai kyan suna, an yi masa ado, ka kwafa, ashe da lissafin Pythagoras yake auna nisa, kamar duniya faifai ce. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne ko'ina, amma na longitud raguwa yake yi in ana nisa da ikwaita, har ya zama sifili a ƙuryar arewa. Wani ya sa haversine daidai, wato lissafin nisa a kan ƙwallon duniya, da kilomita 6371 na nisan tsakiyar duniya zuwa doronta, amma ya manta mayar da digiri zuwa radiyan, ma'aunin kusurwa da lissafin ke buƙata. Mafi muni shi ne wanda in bayani ya ɓace sai ya mayar maka da 0, 0 shiru, wuri ne a tsakiyar teku kudu da Ghana. Ka kuma tambayi tushen lambobinka: GPS da ma'aunin WGS 84 yake aiki, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa da ma'aunin Minna, kuma lamba ɗaya ba ta faɗa wuri ɗaya a su biyun ba.

Kafin ka amince da kowane aji, ba shi Kano a juye, ba tare da sunan latitud da longitud ba, ka ga ko zai karɓa.