Gargaɗi ga direbobi: hattara da masu yawo da tukunyar gas da sunan gyaran esi

Assalamu alaikum. 'Yan uwana direbobin manyan motoci, da iyayen gidanmu masu motoci, musamman masu lodi a Sakkwato da kewaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wasu mutane biyu da ke zagaya wuraren da tireloli ke fakin a bakin gari, a kan babur, da tukunyar gas ɗaure a baya da jakar sifana, suna cewa gyaran esi suke yi. Ni sun cuce ni, kuma da na fara ba da labari sai na tarar ba ni kaɗai ba ne. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne cutar tasu ba ta tsaya ga aljihu ba, har rai tana iya taɓawa.

DAF nake ja. A watan Afrilu na taso daga Gusau, na wuce Tureta ke nan esi ya ɗauke. Fanka tana hurawa, amma iskar kamar daga bakin tanda. Wanda ya san Sakkwato a bazara ya san abin da nake nufi: zafi ya haura digiri 40, injin yana ƙarƙashin kujerarka, in ka sauke gilashi iskar waje ta fi ta ciki ƙuna. Kafin in shigo gari rigata ta jiƙe sharkaf, kuma washegari ina da lodi. A wannan hali suka same ni. Babban cikinsu ya yi sallama da ladabi, ya ce, "Maigida, na ga gilashinka a sauke, ko esi ne ya ba ka matsala? Aikinmu ne."

Muka ɗaga kan mota. Bai tambaye ni yadda abin ya fara ba, bai kalli akwatin fis ba, bai sa geji ba. Kai tsaye ya buɗe murfin bakin da ake ɗura gas, ya danna da sukundireba. Iska ta fito da ƙarfi, fuuu, ya riƙe har ta mutu. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Maigida? Gas ya ƙare, wannan iskar banza ce ta rage." Ni kuwa na yarda. Daga baya na gane cewa wannan ƙarar ita ce shaidar gas ɗina yana nan bai ƙare ba, kuma a gaban idona ya zubar da shi.

Ya jona tukunyarsa, wadda ba rubutu ko ɗaya a jikinta sai tsohon fenti, ya ɗura ba awo. Aka tayar da mota, kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, ba ta kama ba. Sai ya ce wayarin motar ne ya tsufa, ya jawo wata waya ya haɗa kai tsaye zuwa kulocin kwamfuresa. Nan take ta kama, sanyi ya fara fitowa. Na biya, na yi godiya, har na karɓi lambarsa.

Kwana biyu sanyin ya yi. A rana ta uku, ina dawowa daga Illela, ya sake ɗaukewa. Na kira shi, ya zo da sauri, ya kara kunne a jikin injin, ya girgiza kai ya ce kwamfuresa ta buga. Wai yana da 'yar Beljiyam mai kyau, zai ba ni da sauƙi in na bar masa tawa ya cire kayan gyara. Ya kwance tawa ya tafi da ita, bayan la'asar ya dawo da wata tana ƙyalli. Ya ɗaura, ya ɗaure wani tiyo da ya ce yana ɗan zufa, ya sake ɗura gas, na sake biya, wannan karon kuɗin da ya cinye ribar lodi biyu. Ko mako ba a yi ba ta fara gurnani, sannan ta cije, fambel ya yi ta ihu yana hayaƙi har ya tsinke. Na kira lambar, a kashe. Har yau a kashe take.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran esi da ke da shago tsayayye, ya daɗe a sana'ar. Kafin ya taɓa komai sai da ya zaunar da ni ya ce in faɗa masa yadda abin ya fara tun ranar farko. Da na kai kan wayar nan da aka ja kai tsaye, sai ya yi salati. Ya buɗe akwatin fis, ya zaro rilen esi, wato ɗan makunnin da ke sakar wa kwamfuresa wuta, ya nuna mini ƙafarsa ɗaya ta ƙone ta yi baƙi. Ya ce, "Ɗana, ga ciwon motarka tun farko. Wannan ɗan abin da bai kai akwatin ashana ba." Sannan ya haska kondensa, wato ragar da ke gaban lagireto, ta toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da matattun ƙwari, ko hasken tocila ba ya ratsa ta. Na ce, "Baba, to kwamfuresata fa?" Ya ce, "Kwamfuresar da ta ba ka sanyi kwana biyu, ta yaya za a ce ta mutu? Lafiyarta ƙalau, shi ya sa ya tafi da ita."

Abin da Baba ya koya mini a ranar nan, da na san shi da ba a yi mini haka ba, don haka ku riƙe shi. Gas ɗin esi ba kamar man dizal ba ne, ba a ƙona shi, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Zagayawa yake yi a rufe: kwamfuresa ta matsa shi, ya je kondensa ya saki zafi ya zama ruwa, ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya ratsa wani ƙaramin bawul ya shiga akwatin sanyi da ke cikin dashbod, ya ɗauke zafin ɗakin direba, ya koma kwamfuresa. In ya ragu sosai, to akwai inda yake yoyo, ko zoben roba ya bushe, ko tiyo ya tsage, ko dutse ya huda kondensa, ko sil ɗin kwamfuresa ya gaji. Galibi za ka ga danshin mai da ƙura ta manne a wurin, don man kwamfuresa tare da gas yake yawo. Duk wanda ya ce maka gas ya ƙare, ya ɗura sabo bai nemi ramin ba, ya shirya dawowarka ne.

Ita kuwa wayar da aka ja kai tsaye, ita ce ta fi ɓata wa Baba rai. Akwai makunni a jikin bututun da ke lura da ƙarfin gas. In gas ya yi ƙasa sosai, ko ya hau ya wuce ƙima, shi ke yanke wa kwamfuresa wuta don kada ta lalace. Mutumin nan ya tsallake shi gaba ɗaya. Ga kondensa a toshe, ga ranar Sakkwato, ga kwamfuresa tana aiki ba mai tsayar da ita, dole ƙarfin ya yi ta hawa har ya nemi hanyar fita ta bakin tiyo. Shi ya haddasa lalacewa ta biyu da hannunsa, sannan ya dawo ya sayar mini da magani.

Wadda ya ɗaura mini kuma, da aka buɗe ta, tsohuwa ce da aka wanke aka fesa wa fenti ruwan azurfa. Cikinta ya cinye, ta watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, man ya koma baƙi ƙirin. Saboda haka ba ita kaɗai zan saya ba. Sai an wanke layin gaba ɗaya, an sauya diraya da bawul, kuma Baba ya ce kondensa irin ta yanzu mai ƙananan hanyoyi ba ta wankuwa in garin ƙarfe ya shige ta, ita ma sai sabuwa.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne gas ɗin. Da Baba ya kwance tiyo, sauran da ya rage ya fito, yaronsa ya ja da baya ya ce, "Baba, wannan ai warin gas ɗin girki ne." Motata R134a take sha, an rubuta a takardar da ke manne a jikinta, har da nauyin da za a ɗura. Shi ne gas ɗin da ya maye gurbin tsohon gas R12 a motoci tun shekarun 1990, kusan ba shi da wari, kuma a yanayin da muke aiki ba ya kama wuta. Gas ɗin girki kuwa yana ba da sanyi, shi ya sa ba ka ganewa, amma kowa ya san abin da yake yi in ya haɗu da tartsatsi. Akwatin sanyi a cikin ɗakin direba yake. A nan nake kwana, gilashi a rufe. Da yawanmu suna shan taba a ciki, yaran mota suna kunna risho a gindin mota su dafa shayi. Yarona ɗan ƙanwata ne, amana aka ba ni shi. Kwana nawa muka yi muna kwance a kan wannan abu ba mu sani ba? Allah ne kaɗai ya tsare.

Kuma jabun gas ba a kan na girki ya tsaya ba. Akwai masu ɗura R22 na esin gida, wanda ƙarfinsa ya fi na R134a sosai. Akwai wanda ake gaurayawa da wani sinadari mai suna R40 a zuba a tukunya mai tambarin R134a. Shi wannan yana cin alminiyon da ke cikin kwamfuresa ya haifar da abin da ke kamawa da wuta da zarar ya sha iska. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe saboda shi a Biyetnam da Barazil, masu gyara suka rasa rayukansu. Don haka tukunyar da ba suna, ba hatimi, kada ta kusanci motarka ko kyauta ce.

In esinka ya ɗauke, kafin ka kira kowa, kunna shi ka saurara ko za ka ji ƙarar kamawar kuloci, ƙas, ka ga tsakiyarsa yana juyawa tare da fambel. In bai kama ba, fara da fis da rile da soket ɗin wayoyi, su ne masu arha kuma su ne suka fi yawan ba da matsala a hanyoyinmu masu gargada da ƙura. Duba ko fambel ya saki. Wanke kondensa da ruwa a hankali, kada ka lanƙwasa ragar. In iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, matatar iskar ɗaki ce ta cika da ƙura. In duk wannan bai yi ba, je shagon da gobe ma za ka same shi a wurin. Mai gyara na gaskiya geji biyu yake sawa, shuɗi da ja, ya karanta maka. Zai nemi yoyo da ruwan sabulu ko iskar naitirojin, ba da iskar oksijin ta walda ba, don ita in ta haɗu da man kwamfuresa, fashewa take yi. Bayan ya toshe, zai sa injin zuƙe iska ya yi kamar rabin awa yana jan iska da danshi, ya rufe ya ga ko allura za ta motsa, sannan ya ɗura gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta. Kuma kayanka da aka cire naka ne. Ka yi wa kwamfuresarka alama, ka ɗauki hoton lambarta da waya, kada ta bar gabanka.

Na kai maganar ga shugabannin ƙungiyarmu a tasha, kuma direbobi uku sun ce su ma haka aka yi musu, ɗaya a hanyar Birnin Kebbi, biyu a nan gari. Salon ɗaya ne: gas ya ƙare, waya kai tsaye, bayan kwana biyu kwamfuresa ta buga. Duk wanda suka ɗura wa gas a 'yan watannin nan, don girman Allah kada ya kwana a motar gilashi a rufe, kada a kunna wuta kusa da ita, ya kai a zuƙe shi a fili inda iska ke kaɗawa. In kuma sun tare ku, kada ku taɓa su, kada ku tara musu jama'a, ku riƙe su da magana ku kira shugabannin tasha ko 'yan sanda. Ni dai motata tana aiki ba esi har yanzu, Baba ya toshe bakin bututun ya ajiye mini lissafi, sai na haɗa kuɗin kwamfuresa da kondensa.