Mabuɗin tsaro, manhaja ko saƙon tes: wanne za ka saya wa masu yi maka aiki daga gida?

Idan akantanka yana Kaduna, mai kula da cinikinka yana Legas, kai kuma kana amsa imel a hanya, to duk sirrin kamfaninka yana bayan shafin da ake rubuta kalmar sirri. Wanda ya tsallake wannan shafin ya ga kwangiloli, ya ga lambobin asusun banki, kuma zai iya aika wa kwastoma wasiƙa da sunanka. Shi ya sa kuɗin farko ya kamata ya tafi ga mataki na biyu na tantancewa, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, kafin a zo maganar VPN (rufaffiyar hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa) ko manhajar kashe ƙwayar cuta. A 2021 an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da ba shi da mataki na biyu, sai da suka biya fansar kusan dala miliyan 4.4. VPN ɗin yana nan, bai hana komai ba.

Lambar da ake turowa ta saƙon tes ba ta cancanci dogon bayani ba. Ana sake yankar layin mutum da takardun bogi, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana mayar da shi kasuwa, ranar da sabis ya ɗauke kuma ma'aikaci ya zauna jiran saƙo. A daina amfani da ita.

Manhajoji irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator sun fi ta nesa ba kusa ba. Kyauta ne, suna fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30, ba sa buƙatar data. Idan lambar ta riƙa ƙin shiga, yawanci agogon wayar ne ya kauce, a mayar da shi kan saiti na kai tsaye. Rauninsu shi ne mutum ne yake karanta lambar ya rubuta ta, mutum kuma ana yaudararsa. Shafin bogi na zamani yana tsayawa ne tsakanin ma'aikaci da shafin gaskiya, yana karɓar kalmar sirri da lambar, yana miƙa su nan take kafin daƙiƙa 30 su cika. Nau'in da ke turo tambaya a taɓa "na amince" ma yana da nasa ciwon: a Satumban 2022 an dami wani ɗan kwangilar Uber da irin wannan tambaya har ya gaji ya amince. Mabuɗin sirri na cikin waya, wanda Apple da Google ke ajiyewa, yana da ƙarfi, sai dai yawanci yana manne da asusun ma'aikacin na kansa, ranar da ya bar aiki ba ka da iko a kai.

Abin da ya fi dacewa a saya shi ne mabuɗin tsaro na hannu mai bin FIDO2, ƙa'idar shiga asusu da irin wannan mabuɗi, ɗan ƙaramin abu kamar filashi da ake rataya wa a jikin makullan gida. Lokacin rajista, mabuɗin yana ƙirƙirar sirri na musamman ga adireshin shafin da aka yi masa rajista, sirrin kuma ba ya fita daga cikinsa. Duk sanda za a shiga, burauza tana gaya masa adireshin da ake kai. Idan harafi ɗaya ya bambanta, ba zai sa hannu ba, ko da ma'aikacin ya rantse shafin na gaskiya ne. Babu lambar da za a karanta wa wani a waya, babu batir, ba ya neman sabis. A 2018 Google ta ce tun da ta wajabta wa ma'aikatanta sama da 85,000 irin wannan mabuɗi a farkon 2017, ba a ƙwace asusun aikin ko ɗaya ta hanyar shafin bogi ba. A 2022 gungu guda ya aika wa ma'aikatan kamfanonin fasaha na Twilio da Cloudflare saƙon yaudara iri ɗaya. An shiga Twilio. A Cloudflare ma'aikata uku sun rubuta kalmar sirrinsu a shafin bogin, amma mabuɗin ya tsayar da maharan a nan.

Cikin masu ƙerawa, Yubico ne na fi nutsuwa da shi. Yana da jeri biyu da ke rikita mai saye. Security Key, mai kama dala 25 zuwa 30, FIDO kaɗai yake yi, kuma ya ishi duk wanda aikinsa Gmail, Microsoft 365 da makamantansu ne. YubiKey 5, daga dala 50 zuwa sama, yana ƙara ajiye lambobin daƙiƙa 30 da aikin katin shaida na lantarki, wannan na mai kula da sabar kamfani ne, kada ka saya wa kowa. Titan na Google yana aiki lafiya, amma ƙasashe ƙalilan ake sayar da shi kai tsaye. Feitian da Token2 sun fi araha, samun na gaskiya a kusa ne wahala.

Kafin ka biya, a duba bakin kwamfutar kowa, USB-A ce ko USB-C, a kuma duba ko wayarsa tana da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta mabuɗi idan an kara shi a jikinta, domin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su da shi. Kowane ma'aikaci mabuɗi biyu: ɗaya a hannu, ɗaya a kulle a gida, a yi musu rajista rana guda. Ma'aikata goma ke nan mabuɗai 20, ka ƙara biyu na ajiya, wajen dala 660 idan Security Key ne, kafin kuɗin dako da na kwastan. A sa wa kowanne lambar PIN, a kuma gargaɗi mai shi cewa kuskure takwas a jere yana kulle shi, buɗewa kuma sai an goge duk abin da ke ciki. Daga nan mai kula da asusun kamfani ya wajabta mabuɗin ya rufe hanyar tes. A Google Workspace akwai zaɓin mabuɗi kaɗai. A Microsoft 365 tilastawar tana buƙatar lasisin Entra ID P1, wanda ke cikin Business Premium. Wanda ya sayi mabuɗi ya bar tes a buɗe, ya yi ƙofar ƙarfe ne a katangar zana.

Sai maganar jabu, a nan ake yin asara. Kada ka sayi mabuɗin da wani ya taɓa amfani da shi, ko wanda aka ɓare kwalinsa, ko wanda mai talla a WhatsApp ya karya wa farashi. Yubico yana da shafin tantance ingancin mabuɗi a adireshinsa na intanet, a soka kowane ɗaya a gwada kafin a raba. Ko na gaskiyar ma a duba sigarsa, wato lambar manhajar da ke cikinsa, da Yubico Authenticator. A Satumban 2024 masu bincike na NinjaLab sun nuna cewa wanda ya riƙe mabuɗi mai siga ƙasa da 5.7 a hannunsa, da kayan aiki na musamman, zai iya kwafarsa. Harin yana da wuya, amma sigar mabuɗin ba ta sabuntuwa, kuma tsohon kaya bai ƙare a hannun 'yan kasuwa ba. Na 5.7 yana ɗaukar asusu 100 masu shiga ba kalmar sirri, tsohon 25. Ka sa sharaɗin siga a rubuce kafin ka tura kuɗi.

Duk abin sokawa da ya iso wa ma'aikaci a gida ba tare da sanarwar ofis ba, kada ya kusanci kwamfuta. A farkon 2022 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan gungun FIN7 da ke aika filashi ta gidan waya cikin kwalin kyauta, da an soka shi sai ya riƙa buga umarni kamar allon rubutu. Haka kuma mai kira yana cewa "mabuɗina ya ɓace, a cire min shi yanzu, oga yana jira". Da kiran waya ga sashen taimako aka karya kamfanin otal-otal na MGM Resorts a Satumban 2023, asarar ta kai wajen dala miliyan 100. Ba a cire mabuɗin kowa sai an gan shi ta bidiyo, an kuma kira shi ta lambar da ke cikin fayil ɗinsa.

Akwai ɓarnar da mabuɗi ba ya tarewa. Office ko Photoshop na sata da mai gyara ke ɗorawa kyauta sau da yawa yana zuwa da manhajar leƙen asiri irin su RedLine da Lumma, masu kwashe shaidar shiga da burauza ta ajiye bayan an riga an taɓa mabuɗin. Kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin ajiyar kalmomin sirri, a 2022 ya bi ta kwamfutar gidan wani injiniyansu ne, mai ɗauke da tsohuwar manhajar kallon fina-finai ta Plex da ba a sabunta ba. Don haka kwamfutar aiki ta zama ta kamfani, da lasisi na halal, ba ta yara ba ce da yamma. Idan Windows 10 ke kanta, Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, a sa canjinta cikin kasafin. Idan kuma aka yi kutsen da ya jefa bayanan kwastomomi cikin haɗari, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.